RINGIN FISTIN: ƘARAMIN ƘARFE MAI RIƘE DA ƘARFIN MOTA

Daga Sashen Koyar da Fasaha

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Birnin Kudu, ko a Kwanar Babaldu ranar kasuwar Sara, ya san irin motar nan da in ta tashi sai ta bar shuɗin hayaƙi a baya, masu talla suna toshe hanci. Da 'yan kamasho sun gani sai ka ji sun ce, "Wannan ringinta ya mutu." Sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma da za a tambayi mutum goma cikinsu mene ne ringin, kuma wane aiki yake yi, da ƙyar a sami biyu da za su ba da amsa.

Wannan rashin sani yana cin kuɗi. Mai mota yakan je gareji ya ce, "Malam, a dai sa mata ringi kawai, abin da ke hannuna ke nan." Bakanike ya sa, hayaƙi ya ɗauke wata biyu ko uku, sa'an nan ya dawo fiye da dā. Daga nan sai zargi ya shiga, mai mota yana cewa an sa masa jabu, bakanike yana cewa direba ne bai iya tuƙi ba. Haka kuɗin iyali yake tafiya, haka kuma kuɗin baiko yake tafiya idan motar ta ikilisiya ce ko ta makaranta. Yawancinmu muna shiga mota, wasu iyayenmu suna da injin niƙa ko injin ban-ruwa a fadama, wasu cikinku kuma za su shiga gareji koyon sana'a bayan sun gama makaranta. Saboda haka ya kamata mu san wannan ɗan ƙarfe. Abin da za mu gani shi ne, ringi ba ya aiki shi kaɗai. Ransa yana hannun abu uku: lafiyar silinda, awo na daidai, da tsabta.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN SILINDA

Injin mota yana da ramuka da ake kira silinda, yawanci huɗu. A cikin kowanne akwai fistin yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. Idan ya sauka sai ya zuƙo iska da fetur. Idan ya hau sai ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, abin da aka matse ya kama, ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Wannan tsari mai hawa huɗu wani Bajamushe ne mai suna Nikolaus Otto ya daidaita shi a 1876, kuma shi ne har yau a cikin Golf da Hiace da babur ɗin Boxer da a-daidaita-sahu.

Bari mu ɗauki injin da manyanmu suka fi sani, watau na Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975. An daɗe da daina ƙera ta, amma har yanzu ba a rasa ta a garejojinmu ba. Injinta mai lita biyu faɗin silindarsa milimita 88 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa milimita 81. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, fistin yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya. A tafiyar awa biyu, kamar daga nan zuwa Kano ta Wudil, kowane fistin ya goge bangon silinda na tsawon kusan kilomita 58. Lokacin da wuta ta kama kuwa, nauyin da ke danna kan fistin yakan kai tan uku, watau buhu 30 na gero a kan abin da bai fi bakin kofin shayi ba.

To, ga matsalar. Fistin na alminiyon ne, silinda kuwa ta baƙin ƙarfen zubi. Idan zafi ya taɓa su, alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Da za a ƙera fistin ya cika rami cif-cif, da injin ya ɗumama sai ya cije. Dole ke nan a bar 'yar tazara tsakaninsu, wajen milimita 0.05, kusan kaurin gashin kai. Kada ku raina ta. Ku ninka ta da kewayen fistin, wanda ya kai milimita 276, za ku ga daidai take da huda mai faɗin milimita 4, kamar an soka babbar ƙusa. Ta nan iskar da aka matse za ta tsere ƙasa, ta nan kuma baƙin mai zai hau sama ya ƙone. Aikin ringi shi ne toshe wannan ƙofa ba tare da ya hana fistin tafiya ba.

DABARAR RAMSBOTTOM

Wannan matsala ta girmi mota. Masu injin tururi na Ingila sun sha fama da ita tun zamanin James Watt. Abin da suke yi a lokacin shi ne su naɗe fistin da zaren wani tsiro mai kama da rama, su shafe shi da kitse. Yana toshewa na ɗan lokaci, sa'an nan ya cinye, a sake kwancewa.

A 1852 wani injiniyan jirgin ƙasa na Ingila mai suna John Ramsbottom ya kawo dabarar da ake bi har yau. Ya ƙera zoben ƙarfe wanda ya ɗan fi ramin silinda faɗi, ya yanke shi a wuri ɗaya, ya matse shi ya shigar. Da yake zoben yana son komawa girmansa na asali, sai ya riƙa manne wa bango da kansa. Ku tuna da awarwaro mai buɗaɗɗen baki, wanda in an matse shi aka saki yakan koma yadda yake. Jiragen tururin da suka fara isowa Kano a 1911 da irin wannan zobe suke tafiya. Wanda bai sani ba in ya ga sabon ringi sai ya zaci karyayye ne, alhali kuwa yankan nan shi ne dukan hikimar.

RINGI UKU, KOWA DA AIKINSA

A jikin fistin na ƙaramar mota akwai gurbi uku da aka zagaya, kowanne da ringinsa.

Na sama shi ne mai tare wuta, shi ya fi shan wahala. Ana yin sa da ƙarfen zubi ko sitil, a kuma lulluɓe fuskarsa da ƙarfe mai tauri irin su kuromiyom, shi ya sa sau da yawa za ku gan shi yana ƙyalli. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu kanikawa. Ba ƙarfin buɗewar ringin ne ke yin babban aikin toshewa ba. Wannan ƙarfi kaɗan ne, yaro ma yana iya matse ringi da yatsu biyu. Abin da ke faruwa shi ne, idan wuta ta kama, iskar mai ƙarfi takan bi ta saman ringin ta shiga gurbi, ta zagaya bayansa, sai ta danna shi ƙasa a kan daɓen gurbin, ta kuma tura shi waje ya manne da bango. Watau iskar da ke neman hanyar tserewa ita ce da kanta ke rufe ƙofar. In matsi ya ƙaru, toshewa ma ta ƙaru. Wannan ne ya sa tilas ringi ya zauna sakayau cikin gurbinsa. Idan baƙin ƙanzon mai ya cika gurbi ya riƙe shi, iska ba ta da hanyar shiga bayansa, ringin ya zama banza ko da bai cinye ba ko kaɗan.

Na biyu yana tare ɗan abin da ya kuɓuce wa na sama, amma babban aikinsa kankare mai ne. A yawancin injina fuskarsa a ɗan jirkice take, gefen ƙasa ya fi fitowa. In fistin yana hawa sai ya zame a kan mai, in yana sauka sai ya kankaro shi ƙasa. Jirkicewar ƙarama ce ainun, ido ba ya cika ganin ta. Saboda haka masu ƙera shi suke buga alama a gefen da zai dubi sama, ko dai haruffan TOP, ko harafi ɗaya, ko ɗigo. Wanda ya kifa shi ya mai da shi famfo mai tura mai sama, sabon inji ya tashi da hayaƙi tun ranar farko.

Na uku shi ne ringin mai. A injin fetur yawanci gida uku ne: siraran zobba biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wani mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiya wanda ke tura su waje. Karanshaf yana watso mai da yawa a bangon silinda. Ringin nan ya share mafi yawansa, ya mayar ta 'yan hudojin da ke bayan gurbinsa, man ya koma ƙasa. Ba duka yake sharewa ba. Yakan bar wani shafe wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, a kansa ne ringin sama da na biyu suke sulɓi. In ya bar da yawa, mota ta sha mai. In ya share duka, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Akwai wani aiki kuma da ba a cika ambata ba, watau fid da zafi. Wutar da ke cikin silinda takan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alminiyon kuwa yana narkewa a digiri 660. Fistin ba ya taɓa ruwan lagireto. Ta ina zafinsa ke fita? A injina irin na 504, fiye da rabinsa ta ringi yake bi ya shiga bangon silinda, daga nan ruwa ya ɗauke. Ringin da ba ya manne da bango sosai yana barin fistin cikin wuta ba mataimaki.

LISSAFIN GIƁI

Idan aka sa ringi cikin silinda, bakinsa biyu ba sa haɗuwa, akwai ɗan giɓi tsakaninsu. 'Yan aji huɗu da biyar su ɗauko abin da suka koya a darasin kimiyya game da buɗewar ƙarfe. Kewayen ringin 504 milimita 276 ne. Ƙarfen zubi yana ƙaruwa da wajen kashi 11 cikin miliyan a kowane digiri. A ce ringi ya fi bangon silinda zafi da digiri 100. Ku ninka 276 da 0.000011 da 100, za ku sami milimita 0.3. Wannan shi ne tsawon da ringin zai ƙara. In ba a bar masa wurin da zai miƙe ba, bakunan za su haɗu su tokare, ringin ya cije bango, ya karce silinda, ko ya karye ya fasa gefen fistin.

Saboda haka kanikawa suke da ƙiyasi: a bar wajen milimita 0.004 a kan kowace milimita ta faɗin silinda. A silinda mai 88, giɓin ringin sama ya kama kusan 0.35. Ƙiyasi ne kawai, littafin kowane inji shi ke da magana ta ƙarshe. Amma ku riƙe wannan: giɓin da ya ɗan yi yawa asararsa kaɗan ce, wanda ya yi kaɗan kuwa yana iya kashe inji cikin awa ɗaya.

ABIN DA KE KASHE RINGI A ƘASARMU

Babban maƙiyin ringi a wannan yanki ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga kuma ta hanyoyin burji da motocin kasuwa ke bi zuwa ƙauyukan Gwaram da Basirka da Farin Dutse don kwaso riɗi da gyaɗa. Kafin inji ya ƙona fetur lita ɗaya sai ya shaƙi iska kusan lita 9,000, watau cikin duro 45. Cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya shiga ya gauraya da mai, sai ya zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita, ringi kuma ya yi ta goga ta a bango sau 50 a daƙiƙa.

Abin da ke tsakanin inji da wannan ɓarna shi ne matatar iska, wadda kanikawa ke kira iyakilina. Abin takaici, ita ce aka fi wulaƙantawa. In ta toshe, mota ta rage gudu, sai wani ya cire ta ya jefa a but, ko ya huda ta da sukudireba "don ta sha iska". Wani kuma robar da ta haɗa matata da inji ta tsage, ya ɗaure da leda. Injin ban-ruwa da na niƙa sun fi shan wannan, gama a tsakiyar ƙura suke aiki. A ganina, rabin ringin da ake canzawa a garejojinmu da bai mutu ba da an kula da wannan abu mai araha.

Na biyu baƙin mai ne. Man da ya daɗe ba a juye ba, ko wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba a san asalinsa ba, yakan dahu a gurbin ringi ya zama ƙanzo. Na uku zafi: injin da ya tafasa sau ɗaya tak yana iya sa ringi ya saki, ƙarfin buɗewarsa ya tafi. Wasu don tsoron haka sukan cire abin nan mai daidaita zafin ruwa da ake kira tamostat. Wannan ma ba magani ba ne. Inji ya fi cin kansa lokacin da yake da sanyi, wanda aka cire wa tamostat kuwa yakan daɗe bai ɗumama ba, balle da asubahin hunturu.

KAFIN A KWANCE INJI

Ba kowane hayaƙi ne na ringi ba. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda, a duba gasket. Shuɗi shi ne na baƙin mai. Shi ma a lura. In yana fita ne da an tayar da mota da safe sa'an nan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul, gyaransu kuwa bai kai rabin na ringi ba. In yana ƙaruwa lokacin da aka taka totur ko ana hawa tudu da kaya, kuma in an buɗe murfin zuba mai ana ganin hayaƙi yana bugowa, to ringi ne ko silinda.

Akwai gwaji mai sauƙi. A cire fulogi duka, a sa agogon awon matsi a kowace silinda, a buga sitata, a rubuta abin da ya nuna. Wadda ta nuna ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. In awon ya tashi sosai, man ya toshe wa ringi ke nan, laifin nasa ne. In bai motsa ba, a nemi bawul ko gasket. Minti 20 ne aikin. Mai mota yana da iko ya ce a yi shi a gabansa kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Bari in faɗi wani abu a nan. Akwai masu ɗura mai mai kauri sosai, har da man giya, don hayaƙi ya ɓuya kafin su sayar da mota. Wannan ba dabara ba ce, ha'inci ne, kuma bai dace da ɗan wannan makaranta ba.

YADDA AKE ƊAURAWA

Da an zaro fistin, silinda za a fara dubawa, ba ringi ba. Silinda ba ta cinyewa bai ɗaya. Ta fi ci a sama, inda wuta da matsi suka fi yawa kuma mai ya fi ƙaranci, ƙasanta kuwa kusan yadda aka ƙera shi yake zama. A can bakin sama, inda ringi ba ya kaiwa, akan sami ɗan tudu da farce ke iya kamawa. Tsohon ringi ya saba da shi, gefensa ya riga ya dakushe. Sabo kuwa mai kaifin gefe zai yi ta dukan tudun har ya karye. Tilas a kankare shi.

Ko babu kayan awo masu tsada, ana iya gane cin silinda da sabon ringi da filageji. A sa ringin cikin rami, a kifa fistin a tura shi da shi don ya zauna daidai ba karkace ba. A auna giɓin a ƙasa, a sake aunawa a sama, ƙarƙashin tudun nan. A ce an sami 0.35 a ƙasa, 0.95 a sama. Bambancin 0.60 ne. A raba da 3.14, ya ba da 0.19. Silindar ta ci milimita 0.19 ke nan, wanda ya kai bakin iyakar da littattafan wasu injina suka yarda, na wasu ma tuni ya wuce. Irin wannan silinda sabon ringi ba zai warkar da ita ba, domin zai riƙa buɗewa yana tsukewa a kowane hawa da sauka har ya gaji. Amsar hayaƙin da ke dawowa bayan wata uku ke nan.

Maganinta a kai wa masu injin faɗaɗa rami, abin da ake kira borin, a sayo fistin da ringi masu ƙarin girma daidai da sabon ramin. Girman hawa-hawa ne: 0.25, 0.50, 0.75, da 1.00 na milimita, waɗanda a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ku ji ana kira 010, 020, 030 da 040, bisa tsohon awon inci. Wanda ba a taɓa faɗaɗawa ba STD ake rubuta masa. Ita 504 da sauƙi, silindarta kwasfa ce da ake zarewa, sai a sayi kwasfa da fistin da ringi a haɗe. Abin da bai kamata ba shi ne a sayo ringi mai ƙarin girma a goge bakinsa da zarto a cusa cikin tsohon rami. An ƙera shi ne don da'irar da ta fi wannan faɗi, ba zai kwanta daidai a bango ba.

In silinda tana da sauran lafiya, za a ga ta yi santsi tana ƙyalli kamar madubi. Sabon ringi ba ya zama a kan irin wannan. Sai a goge ta da dutsen da aka yi don haka, ana juyawa ana sama da ƙasa, har a sami siraran zane masu gicciye da juna kamar saƙar tabarma. Su ne ke riƙe mai. Bayan haka a wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi. Fetur ko kananzir ba sa fitar da garin dutsen daga cikin zanen. A goga farin ƙyalle, in ya fito da toka-toka a sake wankewa. In ya fito fari, a busar a shafa mai nan take don kada ta yi tsatsa.

Sai fistin. A karya tsohon ringi a kankare ƙanzon gurbi da shi a hankali, kada a ci alminiyon. A buɗe hudojin mai. A sa sabon ringi a gurbinsa a zura filageji ta gefe. Yawanci tazarar ba ta wuce milimita 0.03 zuwa 0.08 ba. In ta yi yawa gurbin ya buɗe, ringi zai riƙa kaɗawa sama da ƙasa yana tura mai, sai a canza fistin. Sa'an nan a auna giɓin kowane ringi a cikin silindar da zai zauna, a wurin da ba ta ci ba. In ya yi kaɗan a goge bakin da lallausan zarto, daga waje zuwa ciki, kaɗan-kaɗan ana sake aunawa. Wanda aka auna a silinda ta ɗaya, a ajiye shi da fistin na ɗaya.

Daga ƙasa ake fara sawa. Mai lanƙwasar nan na ringin mai shi ne farko, a tabbata bakinsa biyu sun tokari juna, ɗaya bai hau kan ɗaya ba. Sai siraran zobbansa biyu. Sai na biyu, sai na sama, alama tana duban sama. Waɗannan biyun da filayar buɗe ringi ake sa su, a buɗe iyakar yadda za su wuce kan fistin kawai. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, wanda aka murɗa kuma ba ya komawa daidai. In babu filayar, siraran ƙarfe uku da aka jera a jikin fistin suna taimaka wa ringi ya zame zuwa gurbinsa.

Kada a bar giɓi a layi ɗaya. A rarraba su kewaye da fistin yadda littafin injin ya nuna, yawanci kowanne ya yi nesa da ɗan'uwansa da sulusin da'ira ko rabi. Gaskiya ne ringi yana ɗan juyawa da kansa in inji yana aiki, amma a tashin farko rarrabawar tana da amfani. Injin da ake gauraya wa fetur da mai, irin na tsofaffin babura da ƙaramin janareta, shi daban ne: akwai 'yar ƙusa a gurbinsa, tilas giɓi ya zauna a kanta.

A shafa mai mai tsabta a ringi da fistin da bango. A sa guntun roba a kan ƙusoshin kwanrod don kada su karce karanshaf. A duba kibiya ko alamar da ke kan fistin, yawanci gaban inji take duba. A ɗaure ringin da maɗaurinsu, a zaunar da bakin maɗaurin daram a kan silinda, a riƙa bugun kan fistin a hankali da ƙotar guduma ta itace. In ya tsaya, a tsaya. Wani ringi ne ya kuɓuce ya hau baki, bugu ɗaya na ƙarfi ya isa ya karya shi, kuma ba za a sani ba sai an gama haɗa inji. A zare a sake ɗaurewa. Bayan kowane fistin a ɗaure ƙusoshin kwanrod da sifana mai awo, a juya karanshaf da hannu a ji ko yana tafiya lafiya.

Duk wannan aiki ba a ƙasa ake yin sa ba. Na sha ganin an wanke fistin tas, sa'an nan a ajiye shi a kan buhu a bakin titi, iska tana kaɗawa. A samu tebur ko faranti mai tsabta, a rufe da ƙyalle, yaron gareji kuma ya wanke hannu kafin ya miƙo wa maigidansa.

BAYAN AN TAYAR

Sabon ringi da bangon silinda ba su san juna ba tukuna, sai sun ɗan ci juna kafin su dace. Yawancin wannan a kilomita ɗari-ɗari na farko yake faruwa. Al'adar nan ta barin sabon inji yana aiki a tsaye yini guda "don ya saki" kuskure ce. Mun riga mun ga matsin iska ne ke tura ringi ga bango. A tsaye matsin kaɗan ne, ringi ba ya mannewa, sai bango ya sake yin santsi kafin su dace, motar ta zauna tana shan mai.

A bar inji ya ɗumama, a duba ko akwai yoyon mai ko na ruwa, sa'an nan a hau hanya. A riƙa taka totur daidai-wa-daida ana saki, ana canza gudu, kada a tsaya a kan gudu ɗaya. Kada a ƙure shi, kada kuma a ja shi da babbar giya yana kakari. A kilomita 1,000 na farko ba a yi masa lodin buhu har rufi, ko da kuwa ranar kasuwa ce, ba a kuma cika shi maƙil da 'yan Zumuntar Mata da tukwanensu zuwa taro. A tsakanin nan a riƙa duba sandar awon mai kowace safiya, gama sabon ringi yakan ɗan sha mai kafin ya zauna. In an cika kilomita 1,000 a juye man a canza matatarsa, domin ɓarɓashin ƙarfen da ringi da bango suka ci yana cikinsu. Matatar iska kuwa sabuwa za a sa tun ranar da aka ɗaura ringin, a kuma bi robarta da hannu daga farko zuwa ƙarshe a tabbata babu tsaga.